Twilight Zone da sauran tsofaffin shirye-shiryen baƙi da fari, sun cancanci a ƙona musu data?

Ƙanina, na ga tambayarka tun shekaranjiya, ban so in amsa maka a tsaitsaye ba ne shi ya sa na bari sai yau da na samu zama. Ka ce ka cinye Black Mirror tas, sai wani abokinka ya ce maka ai duk wannan jikan wani tsohon shiri ne na Amurka mai suna The Twilight Zone, ka je ka lalubo kashi ɗaya ka buɗe, ka ga hoto baƙi da fari, ga wani ɗan gajeren mutum cikin kwat da sigari a hannu yana ta zuba Turanci, ko minti uku ba ka yi ba ka kashe. Shi ne kake son sanin wai da gaske akwai abin kallo a ciki ko dai tsofaffi ne kawai ke yabon zamaninsu, da abin da ya raba shi da The Outer Limits da na Hitchcock da kullum ake ambatar su tare, sannan in mutum zai shiga ta wace ƙofa zai shiga.

Akwai abin kallo, amma ba duka ba, kuma in ka shiga kana neman abin da zai firgita ka har ka kasa fita fitsari da dare to ka yi asarar data. Ni sama da shekara goma ke nan ina koya wa matasa rubutun wasan rediyo da na talabijin, ban taɓa ɗaukar aji na sallame su ba tare da na zaunar da su sun kalli kashi uku ko huɗu na wannan shirin ba. Bari in gaya maka dalili, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Da farko dai ka gane irin shirin. Ba irin fim mai dogon zango ba ne da muka saba yanzu, wanda in ka tsallake kashi na 14 sai ka rasa yadda aka yi amarya ta koma gidansu. Nan kowane kashi labarinsa daban, 'yan wasansa daban, garinsa daban, yau kana cikin jirgin sama, gobe kana wani ƙauyen kaboyi, jibi an kai ka wata duniyar. Abin da ya ɗaure su wuri ɗaya shi ne mai gabatarwar da zai buɗe ya rufe, da irin iskar da ke kaɗawa a cikin labaran. Daga rediyo da mujallun gajerun labarai salon ya taso, kuma kafin Twilight Zone ma an yi wasu, kamar Tales of Tomorrow da tashar ABC ta fara a 1951, wanda kai tsaye ake watsa shi, in ɗan wasa ya manta maganarsa duk wanda ya kunna akwati ya gani.

Mutumin nan mai sigari Rod Serling ne, kuma in ba ka san labarinsa ba rabin shirin zai wuce ka. An haife shi ranar Kirsimetin 1924, ya tashi a garin Binghamton a jihar New York, ya yi yaƙin duniya na biyu a Filifin cikin sojojin da ke dirowa da lema, ya dawo da rauni da munanan mafarkai da suka daɗe suna bin shi. Tun kafin Twilight Zone ya riga ya yi suna, wasansa Patterns na 1955 da Requiem for a Heavyweight na 1956 duk sun ciyo masa kyautar Emmy. Matsalar ita ce a wancan lokacin kamfani ne ke ɗaukar nauyin shiri sukutum, kuma tunda kuɗinsu ne, wakilinsu sai ya bi rubutu layi-layi da jan biro. A Requiem an cire wurin da wani ke tambayar ashana saboda masu ɗaukar nauyin laita suke sayarwa. A 1959 da aka nuna wani wasa kan shari'ar 'yan Nazi a Nuremberg, wanda ba shi ya rubuta ba, sai da aka danne kalmar gas a wurin da ake maganar ɗakunan da aka hallaka Yahudawa, don ƙungiyar masu sayar da gas ɗin girki na cikin masu biyan kuɗin talla. Ka ji fa.

Wanda ya fi ƙona masa rai shi ne na Emmett Till. Yaro ne baƙar fata ɗan shekara 14 daga Chicago, ya je hutu wajen dangi a Mississippi a watan Agustan 1955, aka zarge shi da yi wa wata farar mata rashin kunya, wasu fararen fata suka ɗauke shi cikin dare suka kashe shi suka jefa gawar a kogi, biyun da aka gurfanar kuma kotu ta wanke su tas, masu yanke hukuncin duk farare. Serling ya rubuta wasa a kai, Noon on Doomsday, aka nuna a 1956, amma kafin ya kai ga allo an fige shi kamar kaza, an ɗauke labarin daga kudu an kai shi New England, wanda aka kashe a ciki ya zama wani ɗan ci-rani da ba a ma faɗi ƙasarsa ba. Ya sake gwadawa a 1958 da A Town Has Turned to Dust, nan ma aka tura labarin baya zuwa shekarun 1870, wanda aka kashe ya koma ɗan Mekziko.

To daga nan ne ya gano dabara. In ka ce ga farar fata ga baƙar fata za a tare ka a ƙofa, amma in ka ce ga wasu halittu daga duniyar Mars, ko ga wani gari da babu shi a taswira, wakilin kamfani zai ɗaga kafaɗa ya ce ai shirme ne na yara, ya sa hannu. Mu da muka tashi da tatsuniya ba sai an yi mana dogon bayani ba, abin da kaka ba za ta faɗa kan mai gari ko kan uban gida ba sai ta ɗora wa kura ko zaki, Gizo ya yi ta'asarsa, yara su yi dariya, manya su gane inda aka dosa. Hatta fitowar da Serling yake yi a farko da ƙarshe aikin ga ta nan ga ta nanku da ƙurunƙus take yi. Tashar CBS ta fara nuna shirin ranar 2 ga Oktoban 1959, ya ƙare a Yunin 1964, zango biyar, kashi 156, kuma 92 daga ciki shi ya rubuta da kansa, sauran mafi yawa Charles Beaumont da Richard Matheson ne. A zango na farko muryarsa ake ji a buɗewa, sai a na biyu ya fara tsayawa gaban kyamara yana gabatarwa, to tunda ka gan shi da sigari ba daga farkon ka buɗe ba.

Kashin da nake fara nuna wa ɗalibai shi ne The Monsters Are Due on Maple Street, na Maris ɗin 1960. Zan ɓata maka shi da gangan, anjima za ka ga dalili. Yammacin Asabar ce a wata unguwa mai tsafta, mai askirim na wucewa, yara na wasa, magidanta na wanke mota, sai wani haske ya gifta ta sama da ƙara. Daga nan komai ya tsaya, wuta, tarho, rediyo mai batir, har motoci suka ƙi tashi. Ana tsaye ana jajantawa sai wani yaro Tommy ya ce shi ya karanta a littafin barkwanci cewa halittun sama kan turo nasu tun da wuri su zauna cikin mutane kamar iyali na gari. Aka yi masa dariya. Minti kaɗan sai motar wani maƙwabci, Les Goodman, ta tashi da kanta alhali yana tsaye nesa da ita, duk ido ya koma kansa, nan take wata mata ta tuna ai ta sha ganin shi da tsakar dare a tsakar gida yana kallon sama. Bawan Allah yana rantsuwa rashin barci ne ke damun shi, wa zai saurare shi. Wanda ya tashi kare shi, Steve, sai aka ce to kai ma wace rediyo ce kake haɗawa a ɗakin ƙasa, da wa kake magana. Duhu ya yi, aka hango inuwar mutum na tahowa, Charlie mai baki ya fizgi bindiga ya harba, aka je aka duba ashe Pete Van Horn ne, maƙwabcinsu da ya tafi layin gaba tun ɗazu don ya ga ko su suna da wuta. Kafin a gama salati fitilun gidan Charlie suka kama, shi kuma don ya ceci kansa ya nuna yaron. Daga nan sai jifa da fashe-fashen gilashi. Kyamara ta ja baya zuwa kan tudu, ga baƙin nan biyu a tsaye da ɗan injinsu suna kunna wuta suna kashewa, ko tsinke ba su ɗaga a kan kowa ba.

Amurkawan 1960 sun san da wa ake, don ba a daɗe da fita zamanin Sanata Joseph McCarthy ba, lokacin da maƙwabci ke kai sunan maƙwabci a kan zargin kwaminisanci, marubutan fim da dama suka rasa aiki a kan haka. Ni kuma ranar da na fara nuna shi a aji, da aka zo wurin da suka ruɗe, ɗakin duk ya kwashe da dariya, wani daga baya ya ce Malam wai duk don an ɗauke wuta ne suke wannan haukan, mu da muke sati. Na bar su suka yi mai isarsu. Da aka zo wurin matar nan da ke ba da shaidar ta ga Les yana kallon sama cikin dare sai dariyar ta ɗauke. Bayan an gama wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ce a unguwarsu haka aka yi wa wata tsohuwa, yaro ya yi zazzaɓi yana sambatu ya kira sunanta, sai ga wanda ya taɓa ganin ta tana fita da asuba, sai ga wadda ta ce ai tun da can idonta ba daidai yake ba, kafin magariba an ce mayya ce, da ƙyar aka fitar da ita ta bayan gida. Ban ƙara komai a darasin ranar ba.

Yanzu maganar da mutane suka fi yi, wai shirin bazatar ƙarshe ne, a juya maka labari a minti na ƙarshe ka ce kai. Akwai wannan, ba zan musa ba, amma bazata sau ɗaya take ci, kuma shirin da ya haura shekara sittin ana maimaita shi ba a kan ta yake tsaye ba. Shi ya sa ban ji komai ba da na ɓata maka Maple Street, in ka kalla ka san ƙarshen sai ma ka fi lura da yadda zargi ke tsalle daga kan wannan zuwa kan wancan. Ɗauki It's a Good Life na 1961, babu wani juyi a ciki ko kaɗan, tun a buɗewa Serling ya gaya maka dodon garin yaro ne ɗan shekara shida, Anthony, wanda yake jin abin da ke zuciyar mutum kuma duk abin da ya so ya faru sai ya faru, wanda ya ɓata masa rai ya aika shi gonar masara, ba a dawowa. Abin da za ka kalla na minti 25 shi ne manya, har da iyayensa, suna murmushin dole suna cewa ai ya yi kyau, ya yi kyau ƙwarai da ka yi haka. Wani mutum ya sha giya ranar bikin haihuwarsa ya kasa daurewa, ya tsaya gaban yaron yana roƙon wani ya lallaɓo ta baya ya kwaɗa masa wani abu a kai tunda hankalinsa na kansa, kyamara ta nuna goggon yaron ta kai hannu kan ƙarfen murhu, sannan ta kasa. Duk wanda ya taɓa aiki ƙarƙashin oga irin wanda in ya yi tusa ake cewa turare ne, zai gane fuskokin nan.

Time Enough at Last kuwa, na Nuwamban 1959, shi ne wanda aka fi sani, Burgess Meredith ya fito a ma'aikacin banki mai kaurin tabarau da ba abin da yake so a duniya sai karatu, matarsa ta hana shi a gida, manaja ya hana shi a ofis, sai ya riƙa shiga ɗakin ajiyar kuɗi lokacin cin abinci yana karatunsa, ranar nan yana ciki bam ɗin nukiliya ya share garin. Ba zan faɗi ƙarshen ba duk da na san intanet ta riga ta gaya maka. Ra'ayina dai, wanda ɗalibai da yawa ba su yarda da shi ba, ƙarshen mugunta ce kawai, mutumin bai yi laifin da ya cancanci haka ba, kuma ina ganin wannan rashin adalcin ne ya sa ya maƙale wa mutane a rai.

In sana'ar kake son koya, Eye of the Beholder na 1960 za ka zauna wa. Mace ce kwance a asibiti an naɗe mata fuska gaba ɗaya da bandeji, karo na goma sha ɗaya ke nan ana ƙoƙarin gyara mata muninta, in wannan bai yi ba hukuma za ta kai ta ƙauyen masu irin halittarta. Kusan duk tsawon kashin ba za ka ga fuskar likita ko nas ko ɗaya ba, wani ya juya baya, wani inuwa ta rufe shi, wani ana nuna hannunsa kawai, kuma darakta Douglas Heyes da mai kyamara George Clemens sun tsara tafiyar kowa daidai yadda ba za ka ji ana ɓoye maka abu ba sai can. Wannan ba zai yiwu da kala ba yadda ya yiwu da baƙi da fari, inuwar ce kayan aikin. To abin da ya kore ka a minti uku shi ne ƙarfin shirin. Kuma mata biyu ne suka yi rawar, Maxine Stuart a cikin bandeji, Donna Douglas bayan an kwance.

To Serve Man na 1962 shi ma ana ji da shi, amma in Turancinka bai nuna sosai ba zai iya wuce ka, don duk ginin a kan kalma ɗaya yake mai fuska biyu, wato serve, wadda ke nufin yi wa mutum hidima kuma tana nufin zuba abinci a kawo gaban mai ci. Na taɓa gwada mayar da shi Hausa don rediyo na kasa, hidima ba ta ɗaukar ma'ana ta biyun, na haƙura. Wanda zai fi shiga ranka a ganina Nick of Time ne, William Shatner tun yana saurayi, ango da amarya motarsu ta lalace a wani ƙaramin gari a Ohio, suka shiga gidan abinci, a kan tebur akwai ɗan akwatin duba mai kan shaiɗan, ka saka kwabo ka yi tambaya ya miƙo maka 'yar takarda. Amsoshin irin na masu bugun ƙasa ne, kowace za ta hau kowane zance, amma angon ya kasa tashi daga kujerar, yana ta zuba kwabbai har yana tambayar akwatin ko ya halatta su bar garin. Har aka gama ba a taɓa ce maka akwatin ya san gaibu ko bai sani ba. Sai Walking Distance, mai shekara 36 da aiki ya gajiyar, ya taka da ƙafa zuwa garinsu ya tarar da shi yadda ya bar shi yana yaro, har da iyayensa da ransu, wannan kada ka kalle shi a cikin mutane in kai mai saurin hawaye ne.

Kada in yi ta yabo kamar maroƙi. Cikin 156 ɗin nan akwai shara da yawa. Serling ba ya iya barkwanci, duk kashin da ka ga an sa kiɗan ban dariya a farko ka tsallake. Yana da son wa'azi, wani lokacin ɗan wasa zai tsaya ya yi ta jawabi kamar mai neman ƙuri'a, musamman a zango na biyar da shi kansa ya gaji. Zango na huɗu, na 1963, an mayar da shi awa guda, kashi 18, labarin da minti 25 ya ishe shi aka ja shi kamar cingam. Akwai kashi shida a zango na biyu da aka ɗauka da faifan bidiyo don rage kuɗi, hotonsu ya fita daban, dishi-dishi. Dodannin kuma sai haƙuri, a Nightmare at 20,000 Feet na 1963, wanda Shatner ke hango wani abu a kan fiffiken jirgi cikin hadari kowa na ɗaukar shi mahaukaci, abin da ke kan fiffiken kamar mutum ne aka naɗe da bargon sanyi. Ka kalli fuskar Shatner ka ƙyale bargon. Baƙaƙen fata ma ba su da yawa a shirin duk da abin da ya haife shi, shi ya sa The Big Tall Wish na 1960, da Ivan Dixon ya fito a ɗan dambe kuma manyan 'yan wasan baƙaƙe ne, ya zama abin magana a lokacin.

The Outer Limits kuma ɗan'uwa ne amma ba uwa ɗaya ba. ABC ce ta yi shi daga Satumban 1963 zuwa Janairun 1965, kashi 49 kacal, kowanne awa guda, Leslie Stevens ya ƙirƙira, Joseph Stefano wanda ya rubuta fim ɗin Psycho ya riƙe zango na farko. Babu mai gabatarwa a tsaye, murya ce kawai za ta ce maka akwatinka lafiyarsa ƙalau kada ka taɓa, mu ke riƙe da hoton yanzu. Shi kimiyya zalla ne, babu aljani babu fatalwa, kuma kusan kowane kashi sai an fito da dodo don tashar na so, a tsakaninsu ma beyar suke kiran shi. Hotonsa ya fi na Twilight Zone duhu da kyau, Conrad Hall da ya ɗauki da yawa daga ciki daga baya Oscar uku ya ci. The Zanti Misfits za ka fara yi wa dariya, wasu tururuwa ne masu fuskar mutane da wata duniya ta turo masu laifinta a ajiye mata a hamadar Kalifoniya, sai a ƙarshe ka ji dalilin da ya sa mu aka zaɓa, dariyar ta koma ciki. The Architects of Fear masana ne suka yanke shawarar su fiɗe ɗaya daga cikinsu su mayar da shi halittar sama don duniya ta ji tsoro ta haɗa kai, wasu tashoshi a lokacin sai da suka rufe hoton dodon. Sai biyun da Harlan Ellison ya rubuta a 1964, Soldier da Demon with a Glass Hand, ka kalli Soldier ka tuna The Terminator na 1984, Ellison ya tayar da ƙura cewa an kwaikwayi labarinsa, aka sasanta, shi ya sa za ka ga sunansa a ƙarshen fim ɗin. Abin da ya kashe shirin, an mayar da shi daren Asabar ya yi karo da shirin shahararren ɗan barkwanci Jackie Gleason, Stefano ya ajiye aiki, zango na biyu ya tsaya a kashi 17.

Na Hitchcock kuwa, shahararren daraktan fim, wato Alfred Hitchcock Presents, da ya fara a 1955 ya kai 1965 in ka haɗa da na awa guda, kuskure ne ma a sa shi layi ɗaya da su, yawancinsa kisan kai ne da cin amana da kwaɗayin gado, mutane ne zalla. Shi kansa bai ba da umarnin kashi ashirin ba a cikin ɗaruruwa, aikinsa ya fito ya yi ba'a, har masu tallan yake yi wa shaguɓe. Lamb to the Slaughter na 1958, labarin Roald Dahl, mata ta kashe mijinta ɗan sanda da daskararriyar cinyar rago, ta saka ta a murhu, abokan aikinsa suka zo neman makamin, ta ce ai kun gaji ku zauna ku ci abinci. Tunda dokar lokacin ba ta yarda mai laifi ya sha ba, sai Hitchcock ya fito a ƙarshe da fuskar nan tasa ya ce ai daga baya an kama ta, kowa ya san don a rufe bakin hukuma ne. In fatalwa da tsafi kake so na gaske, Thriller na Boris Karloff, 1960 zuwa 1962, ya fi su duka ban tsoro. Night Gallery kuma Serling ne ya dawo da sabon shiri mai kala daga 1969, amma ba shi ke da wuƙa da nama ba, abin tunawa a ciki shi ne Steven Spielberg yana ɗan shekara 22 ya ba Joan Crawford umarni a kashin gwaji. Serling ya rasu a 1975 yana da shekara 50, ciwon zuciya, sigarin nan ba ado ba ne.

Maganar abokinka kan Black Mirror akwai gaskiya a ciki, Charlie Brooker da ya fara shi a 2011 bai ɓoye cewa daga can ya sha ba. Bambancin da nake gani, su tsoron bam da maƙwabci ne ya dame su, shi kuma wayar da ke hannunka, sannan Serling ko ya kai mutum ƙasa yana tausayinsa, Brooker sau da yawa a nan yake barin shi. An sake farfaɗo da Twilight Zone a 1985 da 2002 da 2019, na ƙarshen Jordan Peele ne ya gabatar, akwai masu kyau jefi-jefi amma kada ka fara da su.

Tunda na ga a shafinka kana ɗan taɓa rubutu, ga abin da za ka lura da shi. Kusan kowane kashi mai kyau abin mamaki ɗaya tak ake sakawa, sauran duka rayuwa ce ta yau da kullum, kuma ba a ɓata lokaci wajen bayanin yadda aka yi abin ya faru. Ɗalibaina kullum sai su cusa aljani da boka da mafarki da tagwaye a labari ɗaya, in ce su cire uku su ji kamar na ce su yanke yatsa. Kuɗi ma ba hujja ba ne, Five Characters in Search of an Exit mutum biyar ne a cikin wani abu kamar ƙaton gwangwani daga farko har kusan ƙarshe.

Ka fara da The Invaders na Janairun 1961, don ba ya buƙatar Turanci, Agnes Moorehead ce ita kaɗai a wani gidan gona da babu lantarki, ba ta furta kalma ko ɗaya, wani ɗan ƙaramin jirgi ya sauka a kan rufinta, daga nan sai nishi da wuƙa da gatari da kiɗan Jerry Goldsmith. Daga shi ka shiga Maple Street, sai Eye of the Beholder, sai It's a Good Life, duka huɗun ba su kai awa biyu ba, kuma tunda baƙi da fari ne ko ka sauke a ƙaramin hoto ba abin da zai ragu. Ka kunna rubutun ƙasa don Serling ta cikin haƙora yake magana, ka kashe fitila, kada ka kalla kana latsa wata wayar. In ka gama The Invaders ka dawo ka gaya min a minti na nawa ka gano abin da ake ciki, ni dai ban gano ba sai da kyamara ta kai ni har kai ta nuna min, kuma har yau ina jin haushin kaina.